Tambayoyin da sababbin marubutan Hausa na Sudan suka fi yi mana game da ƙananan mujallu da lambobin yabo

Tun da muka fara haɗa 'yar mujallarmu ta waƙoƙi da gajerun labarai, wadda yawancin masu karanta ta a waya suke karantawa, tambayoyi iri ɗaya ne ke ta dawo mana. Suna zuwa daga Gadarif, daga Kasala, daga Mai Wurno da ƙauyukan Jazira, har da 'yan'uwan da yaƙi ya kora Bur Sudan ko ya tsallakar da su Jidda. Na gaji da maimaita amsa a saƙon murya, shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Tambayoyin na bar su kusan yadda aka yi mini su. Amsoshin kuwa nawa ne, kuma abokan aikina ba su yarda da ni a kan dukkansu ba.

Malam, mece ce ma ƙaramar mujalla? Ƙanƙantar takarda ake nufi?

Ƙanƙantar aljihu dai. Mujalla ce da mutum uku ko biyar ke haɗa kuɗinsu da lokacinsu su fitar, babu kamfani a bayansu, masu karatunta kuma ana iya ƙirga su. Wata takan fito sau huɗu a shekara, wata ta fito sau biyu ta mutu. Abin da ya sa ake yin ta shi ne a buga rubutun wanda ba a san sunansa ba tukuna.

Kada ƙanƙantar ta sa a raina ta, domin a irin waɗannan takardu adabin Sudan na zamani ya yi rarrafe. A 1931 Muhammad Abbas Abu Rish ya fitar da Al-Nahda, a 1934 Arafat Muhammad Abdullah ya biyo baya da Al-Fajr. Dukkansu ba su yi tsawon rai ba, amma a shafukan mujallun wancan zamani samari suka wasa alƙalaminsu, cikinsu har da Tijani Yusuf Bashir, wanda ya rasu a 1937 yana saurayi, diwaninsa bai fito ba sai bayan rasuwarsa. Shi ma Ɗayyib Salih, labarinsa da duniya ta fi sani, Mausimul Hijra ilash Shamal, a mujallar Hiwar ta Beirut ya fara fitowa a 1966. Ita Hiwar tana da masu ɗaukar nauyinta, ba irin tamu ba ce da ake karo-karo, amma dai mujalla ce, kuma ta riga masu buga littattafai ganin abin.

Ni Larabci na karanta a makaranta, Hausa a gida kawai nake yi. Da wanne zan rubuta?

Wannan ta fi kowace tambaya zuwa, kuma a kanta muka fi yin gardama a tsakaninmu.

In ka rubuta da Larabci ƙofofi sun fi yawa: jaridu, gasanni, masu buga littattafai daga Alƙahira har Sharja. Akwai kuma wata riba da ta fi waɗannan. Maƙwabtanmu da muka shekara fiye da ɗari muna noma gona kusa da gona, waɗanda da yawansu har yau kowa Fallata ne a bakinsu, ba sa bambance Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, za su leƙa cikin gidajenmu su ga yadda muke. Wannan aiki ne babba, kuma Larabci ne kaɗai zai yi shi.

In ka rubuta da Hausa, masu karanta ka a nan kaɗan ne. Amma a Nijeriya da Nijar da Gana akwai miliyoyin mutane da kusan ba su taɓa karanta komai daga wajenmu ba. A wurin yawancinsu Sudan hanya ce da kakanni suka bi a ƙasa zuwa Makka. Ba su san cewa wasu sun tsaya neman guzuri a gonakin auduga, shekara ta zama goma, goma ta zama jikoki ba. Sun ji labarin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, amma kaɗan ne suka san ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a har suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da yake nan da sunansa har gobe.

Shawarata ita ce ka saurari mutanen labarinka. In kakarka ce ke magana, kuma a kunnenka da Hausa take faɗa, kada ka tilasta mata fusha, za ta fito kamar mai karanta labarai a rediyo. In kuwa labarin ɗalibin jami'a ne da ke soyayya da Larabcin Khartum, ka bar shi da Larabcinsa. Wanda ya iya duka biyun, ya aiko mana da fuska biyu, mu buga su kafaɗa da kafaɗa.

To in da Hausa ne, boko ko ajami? Ni ban iya bokon Hausa ba.

Ba kai kaɗai ba ne. Yawancin abin da ke zuwa mana da harafin Larabci yake zuwa, kowa da yadda ya ga dama ya rubuta. Nan ne rikicin yake, domin ajamin da malaman ƙasar Hausa suka saba da shi yana da nasa al'adun. Harafin gaini suke sa wa sautin "g", ƙafun kuma suke sa wa "ƙ". Mu kuwa a nan, tunda Larabcin Sudan da "g" yake furta ƙafun, har sunan Gadarif ma da shi ake rubutawa, sai yaro ya rubuta "gasa" da ƙafun, malami a Kano ya karanta "ƙasa". Ya rubuta "gari", a karanta "ƙari". Wata rana sai da na karanta baiti ɗaya sau biyar kafin na gane mawaƙin kan garinsu yake kuka.

Ga kuma wasalin "e", wanda a rubutun Warash ake sa masa ɗigo a ƙarƙashin harafi, amma wanda ya tashi da bugun Hafsi a makarantar hukuma bai san shi ba, sai ya sa kisira ya wuce. Haka "ɓ" da "ɗ" da "ts" da "c", kowa da dabararsa.

Abin da muke yi: ka aiko da ajaminka yadda ka iya, ka haɗa da saƙon murya kana karantawa a hankali. Mu za mu juya shi boko, mu mayar maka ka saurara a karanta maka kafin a buga. Amma ina roƙon matasa su koyi bokon Hausa. Duk wanda ya yi Turanci ko kaɗan a sakandare, mako biyu sun ishe shi. Haruffa masu lanƙwasa guda uku ne, ɓ da ɗ da ƙ, sai 'y, kuma yau ana samun su a allon rubutun waya. Kusan duk gasar Hausa da ake yi a duniya da boko ake shiga.

Hausarmu ta gauraya da Larabci. Za ku gyara ta ta koma ta Kano?

A'a, kuma in wani edita ya ce zai yi maka haka, karɓi abinka. Ƙa'idar rubutu muke gyarawa: inda za a raba kalma, inda za a haɗa, inda lanƙwasa ta faɗi. Kalmomin rayuwarka naka ne. In mutumin labarinka hawasha yake nomawa, a kambo yake kwana, kisra yake ci, jabana yake sha, raksha yake hawa, haka za a buga. Mai karatu a Zariya zai gane daga yanayin maganar, in bai gane ba a sa masa rabin jimla ta haska masa.

Sharaɗi ɗaya ne. Akwai Larabcin da ya zauna a bakin iyayenmu har ya zama namu, akwai kuma wanda kasala ke jawowa, mutum ya rasa kalmar Hausa ya ƙi tambayar tsohuwar da ke ɗaki. Na biyun nan muna ja masa layi. Ai aron ma ba gefe ɗaya yake tafiya ba: agashe da ake layi a saya a titunan Umdurman, sunansa ma ya faɗi gidan da ya fito.

Wane irin labari kuka fi so?

Wanda ba za a iya rubuta shi a wani wuri ba sai nan. Kusan rabin abin da ke zuwa mana kwaikwayon littattafan soyayya na Kano ne da finafinai: Alhaji mai gidan bene, yarinya mai mota, unguwannin da marubucin bai taɓa takawa ba. Ban raina adabin kasuwar Kano ba, shi ya koya wa mata da yawa karatun Hausa, amma masu shi sun fi mu iya shi. Su kuma ba su san yankan riɗi a Gadarif ba, lokacin da 'yan kwanaki kaɗan na jinkiri ke sa ƙwaya ta zube ƙasa a yi asarar shekara. Ba su san masuntan Nilu ba, ko tsohon da ya bar gida da niyyar hajji yana saurayi, ya tsufa bai ga teku ba, ko yaron da aka haifi kakansa a nan amma ake tambayarsa shaidar zama ɗan ƙasa da wani irin kallo.

Wanda ke shakkar cewa irin wannan rayuwa tana iya zama adabi, ya tuna da Abdul'aziz Baraka Sakin, haifaffen Kasala. Littafinsa kan jango, 'yan ƙwadagon gona na gabashin Sudan, ya ci lambar Ɗayyib Salih a 2009. Bayan haka hukuma ta hana sayar da shi, abin da ya nuna lambar yabo ba laya ba ce.

Waƙa dole sai da kari da amsa-amo?

Ba dole ba ne, amma ka san abin da ka bari kafin ka bar shi. Rubutacciyar waƙar Hausa tun zamanin su Nana Asma'u a kan ma'aunin aruli ta ginu, ƙwar biyu, ƙwar biyar, tahamisi, kuma rerawa ake yi. A nan muna da gata biyu, domin kunnenmu ya sha wannan a makarantar allo da wajen maulidi, ya kuma sha dobait na makiyayan Buɗana, mai ɗango huɗu, irin wanda Hardallo ya shahara da shi. Na daɗe ina jiran wanda zai gwada dobait da Hausa da gaske.

Waƙar da ba ta da ƙafiya muna bugawa in tana da numfashi. Gwajin mai sauƙi ne: karanta ta da ƙarfi a gaban mutum ɗaya. In ba za a ji bambancinta da wasiƙa ba, wasiƙa ce aka yayyanka.

Kuna biya?

Ba ma biya, kuma ba ma karɓa. Haƙƙin rubutunka yana hannunka, izinin bugu na farko kawai muke nema. In ka sa shi a littafi daga baya, ka ambaci inda ya fara fitowa, al'adar ke nan.

Waɗanne gasanni ne ɗan Sudan mai rubutu zai iya sa rai da su?

Ya danganta da harshen. A Larabci, a gida akwai lambobi biyu masu sunan Ɗayyib Salih da mutane ke yawan rikitawa. Ɗaya ta Cibiyar Abdulkarim Mirgani ce da ke Umdurman, ita ce Baraka Sakin ya ci. Ɗayar kuwa kamfanin sadarwa na Zain ne ya kafa ta a 2010, shekara guda bayan rasuwar marubucin, kuma ta buɗe ga masu rubutu da Larabci daga kowace ƙasa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya hargitsa harkokin al'adu gaba ɗaya, don haka duk gasar gida sai ka ga sanarwarta ta shekarar kafin ka ɗaura niyya. A waje akwai babbar lambar ƙagaggen labarin Larabci da ake kira Bukar ta Larabawa, wadda aka fara bayarwa a 2008, mai dala 50,000 ga wanda ya zo na ɗaya. Ta dogon labari ce da aka riga aka buga, kuma kamfanin bugu ne ke shigar da littafi. Marubucin Sudan Hammur Ziyada kuma ya ci wata lambar daban, ta Najib Mahfuz, a Alƙahira a 2014.

A Turanci akwai lambar Caine ta gajeren labarin Afirka, mai fam 10,000. 'Yar Sudan ce ta fara cin ta, Laila Abul'ila, a 2000. A 2017 Bushra al-Fadil ya sake kawo ta gida, kuma abin lura a nan shi ne da Larabci ya rubuta labarinsa, fassararsa ce ta shiga gasar. Ke nan labarin Hausa ma, in aka fassara shi da kyau aka buga, ƙofa ba a rufe take ba.

A Hausa, gasa tsohuwar al'ada ce. Ƙagaggen labarin boko ma da gasa ya fara, wadda Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, inda aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A yau wadda ta fi suna ita ce Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, da aka fara a 2016, ta mata zalla. Gajeren labari ake nema, da boko, kuma 'yar Jamhuriyar Nijar ta taɓa zuwa ta ɗaya, saboda haka ba ta 'yan Nijeriya kaɗai ba ce. Ina fatan in ga ranar da za a kira sunan wata daga Kasala ko Damazin.

Mujallarku za ta iya shigar da ni gasa?

Wasu gasannin haka tsarinsu yake, marubuci ba ya shigar da kansa. Caine ta wannan layi ce: wanda ya buga labarin ne ke aikawa, kuma an san ta da neman kalmomi 3,000 zuwa 10,000. A Amurka akwai Pushcart, tun 1976, wadda aka kafa musamman domin ƙananan mujallu, kowace mujalla tana da damar miƙa rubutu shida a shekara. Wannan na cikin amfanin bugawa a mujalla maimakon ajiye rubutu a shafinka: akwai wanda zai tsaya maka.

Amma a yi hattara da kalma. Miƙa suna daban, shiga jerin ƙarshe daban, cin gasa daban. Mujallu masu ɗimbin yawa ne ke miƙa shida-shida kowace shekara. In editanka ya miƙa naka, ka ji daɗi, domin ya zaɓe ka cikin duk abin da ya buga. Kada dai ka je ka rubuta a ƙarƙashin sunanka cewa ka ci lamba. Masu harkar suna ganewa, kuma ba sa mantawa.

An turo mini saƙo cewa an zaɓe ni za a ba ni lambar girmamawa, amma in biya kuɗin takardar shaida. In biya?

Kada ka biya, ɗan'uwa. Ni an taɓa cin kuɗina haka ina sabon shiga. Wata ƙungiya da ban taɓa ganin ofishinta ba ta ce waƙata ta yi fice, na tura kuɗi, aka turo mini hoton takarda mai zanen zinariya da hatimi uku, sunana ma ba a rubuta shi daidai ba. Daga baya na ga irinta a hannun mutum huɗu, ɗayansu bai taɓa rubuta baiti ba.

Kafin ka yarda da kowace gasa, tambayi abu uku: su wa ke alƙalanci, su wa suka ci a baya, kuma ina rubutun da suka ci da shi. In babu amsa, rufe saƙon.

Na riga na sa labarina a Facebook da WhatsApp. Za ku karɓa?

Mu muna karɓa, in ka faɗa mana gaskiya. Amma gasanni da yawa sharaɗinsu shi ne rubutun bai taɓa fitowa ko'ina ba, kuma shafin sada zumunta ma fitowa ce a wurinsu. Labarin da kake ji da shi, riƙe shi tukuna.

Yaya, ni mace ce, a gidanmu ba za a so a ga sunana ba.

Ƙanwata, sa sunan alƙalami, ko alkunya da sunan ɗa ko ƙani, yadda aka saba. Mutum ɗaya cikinmu ne kawai zai san sunanki na gaskiya, kuma za ki iya zaɓar ta kasance mace. Sai dai ki sani, gasa in kika ci za ta nemi sunanki da hotonki, saboda haka ki fara shirya mutanen gida tun kafin ki shiga. Wata da muka buga wa labari, mahaifiyarta ta fara karanta wa da dare, ita ce kuma ta shawo kan mahaifin.

Kun ƙi buga nawa. Ke nan ban iya ba?

Ke nan wannan bai nuna ba tukuna, ko kuma shafukanmu sun cika. Muna ƙoƙarin rubuta wa kowa dalili ko da layi uku ne. Aibin da muka fi gani shi ne gaggawar wa'azi: labari na tafiya lafiya, sai marubuci ya tsayar da shi ya hau mumbari. Na biyu, farawa da fitowar rana da kukan zakara alhali abin da ya faru yana shafi na huɗu. Yanke shafi ukun farko ka gani.

Ka kuma yi karatu. Ana cewa Alƙahira na rubutawa, Beirut na bugawa, Khartum na karantawa, kuma wanda ya taɓa zuwa Mafrush, inda ake shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa a tsakiyar Khartum sau ɗaya a wata kafin abubuwa su lalace, ya san maganar tana da tushe. Wanda ya aiko mana da labari goma bai karanta na kowa ba ko ɗaya, a jimlar farko ake gane shi.

A wannan hali na gudun hijira, ta yaya zan aiko, kuma yaushe zan ji amsa?

Ta duk hanyar da ta samu: rubutu a waya, hoton shafin littafi, ko murya. Amsa takan ɗauki wata ɗaya zuwa uku, ya danganta da wuta da intanet. Waɗanda suka ga yadda layuka suka ɗauke a Fabrairun 2024 ba sa buƙatar bayani. In wata uku suka wuce shiru, ka sake taɓa mu, ba rashin kunya ba ne.

Kafin ka aiko mana ma, ɗauki hoton kowane shafi ka tura wa mutum biyu da ke garuruwa daban-daban. Mun san waɗanda suka bar littattafan waƙoƙinsu na shekaru a cikin akwati a Wad Madani a Disambar 2023, da niyyar dawowa bayan kwana biyu. A kan shafin farko kuma ka rubuta lambar wani ɗan'uwanka ban da taka, da garin da kake yanzu, da garin da kake so a rubuta a ƙarƙashin sunanka in an buga, tunda a 'yan shekarun nan sau da yawa ba ɗaya ba ne.